Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dattawan Hausawa Mazauna Badagiri: Kada A Rubuta Tarihin Garin Nan Babu Mu

Zuwa ga iyayenmu dattawa, malamanmu da shugabannin 'yan kasuwa na al'ummar Hausawa mazauna Badagiri,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta ban girma, da addu'ar Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu. Na rubuto wannan takarda ne a madadin wasu 'ya'yanku da jikokinku, malaman Islamiyya da na boko, maza da mata, da samarin kasuwa, waɗanda aka haifa a garin nan ko suka tashi a cikinsa. Mun san ba tarbiyyar da kuka ba mu ba ce yaro ya tsaya gaban manya yana ja da maganarsu. Shi ya sa muka fara bin hanyar da aka saba, muka aika waɗanda kuke jin nauyinsu su yi mana iso. Da amsa ta dawo cewa an riga an rufe zancen, sai muka ga gara mu rubuta a fili, domin maganar ta fi ƙarfin zauren da aka yanke ta. Ta shafi duk Bahaushen da ke zaune a bakin teku, daga Legas har Kwatano da Akra. In wata kalma ta yi kaushi, ku yafe wa ɗanku.

Ga abin da ya faru, don wanda bai ji ba. Akwai ƙungiyar masu son tarihi a garin nan, ta sa-kai ce, ba ma'aikatar gwamnati ba. Yawancinsu 'yan ƙasa ne, Egun da Yarbawa: tsofaffin malaman makaranta da suka ajiye alli, samarin da ke zagawa da baƙi a gidajen tarihi na bakin ruwa, da 'yan jami'a da ke dawowa hutu. Aikinsu a fili suke yin sa. Sukan zauna da tsofaffi su naɗi hirarsu a waya, sukan ɗauki hoton tsofaffin takardu su mayar wa masu su, sukan zaga gari da 'yan makaranta ranar Asabar, sukan haɗu su share hanyar yashin nan ta tsibirin Gberefu, wadda aka riƙa bi da bayi zuwa bakin teku, in ciyawa da leda suka cinye ta. Su ne suka aiko mana takarda cikin ladabi suna roƙon abu uku: mu ba su mutum biyu su riƙa zama tare da su, a yarda su ji ta bakin tsofaffinmu, kuma a ara musu abin da ya sawwaƙa na tsofaffin hotuna da takardu don wani baje koli da suke shiryawa. Hukuncin da kuka yanke shi ne a bar kaza cikin gashinta. Ba a mayar musu da amsa ba ko da ta baka ce, kuma aka faɗa wa shugabannin Islamiyyu kada a sake kai yara waɗannan wurare.

An gaya mana dalilanku. An ce tarihin Badagiri tarihin bauta ne, shiga cikinsa tonon asiri ne. An ce wuraren cike suke da tsafi. An ce mu baƙi ne, nema ya kawo mu, baƙo kuwa ba ya tsoma baki a labarin masu gida. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba, amma da na ƙarshen zan fara, don shi ya fi ci mana rai.

Iyayena, ba jiya muka zo garin nan ba, kuma akwai shaidar hakan a rubuce. A ƙarshen 1825 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a nan Badagiri tare da yaronsa Richard Lander, suna nufin Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansu Bagobiri ne, sunan yankansa Abubakar, Turawa suka raɗa masa Pasko. An kama shi a ƙasarsu, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka loda shi a jirgin Fotugis, sai jirgin yaƙin Ingila ya tare su ya ƙwato shi. Da bakin wannan bawan Allah suka ratsa tsohon birnin Oyo, da Busa, da ƙasar Nufe, da Zariya, da Kano. Clapperton ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, Lander kuma ya sake gangarowa nan Badagiri a ƙarshen shekarar, inda aka zarge shi da leƙen asiri aka ba shi gwaska ya sha, ya tsira da ƙyar. Ko laƙabin da aka yi masa a hanya na Hausa ne, Nasara Ƙarami.

Bayan haka Lander ya dawo da ƙaninsa John a watan Maris na 1830, kuma a nan ne maganar ta zama tamu sosai. Sun rubuta cewa sun tarar da malaman Hausawa zaune a garin, suna zuwa gaishe su. Ranar 27 ga Maris ɗin suka tsaya suka kalli Musulmin Badagiri sun fita bayan gari cikin kwalliya sun yi sallar idi ta ƙaramar salla. Ku duba lissafin da kyau. Duk ɗan makarantar da aka kawo garin nan ana kai shi inda bishiyar Agia ta tsaya kafin ta faɗi a 1959, a ce masa a nan Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista ranar 24 ga Satumba 1842. Ana kai shi benen nan na 'yan mishan da aka gama a 1845, a ce masa shi ne bene na farko a Najeriya. Wannan tarihinsu ne, sun riƙe shi da kyau, Allah ya sa mu yi koyi da irin riƙonsu. Amma shekara 12 kafin wa'azin ƙarƙashin bishiyar an riga an yi idi a garin nan, da malamai masu jin Hausa a cikin sahu. Wane yaro ne a Islamiyyunmu ya san haka? Ni kaina sai da na girma wani tsohon malamin firamare, Kirista, ɗan wannan ƙungiyar da muka ƙi amsa wa takarda, ya buɗe mini shafin ya ce in karanta.

Ba wai muna neman ƙasa ba ne, ko sarauta, ko mu goga kafaɗa da fadar Akran, sarkin Badagiri. Masu gari masu gari ne, sun karɓe mu, mun zauna lafiya, mun yi auratayya, da yawa daga cikin iyayenmu mata Egun suke ji kamar a bakinsu aka yanka harshen. Abin da muke cewa shi ne, wanda kakanninsa suka yi idi a gari kusan shekara 200 da suka wuce, in aka kira shi ya ba da nasa labarin ya ce shi baƙo ne, shi ya cuci kansa. Illar tana fitowa a ranar da aka samu saɓani a kasuwa ko a tasha, wani ya buɗe baki ya ce wa ɗanka ya koma inda ya fito, yaron kuma ya rasa abin faɗa, alhali a asibitin garin nan aka yanke masa cibiya, haka ma ubansa.

Sai maganar bauta, wadda na san ita ce ainihin abin da ya sa aka rufe ƙofa. Zan faɗe ta yadda take, don ku kuka koya mana cewa gaskiya ɗaci gare ta amma ba a tofar da ita. Mutanenmu suna ɓangare biyu na wannan ciniki. An sayar da Hausawa ta wannan gaɓa, kuma akwai Hausawa cikin masu kora ayarin zuwa kudu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun tara kamammu daga kowane ɓangare, waɗanda suka bi Shehu da waɗanda suka yaƙe shi, aka yi ta gangaro da su ta Nufe da ƙasar Yarbawa zuwa Legas, da Badagiri, da Porto-Novo, da Wida. Manyanmu na da ba su ɓoye wannan ba. Muhammadu Bello, tun bai hau gado ba, ya rubuta a littafinsa Infakul Maisuri a 1812 cewa mutanen ƙasar Yarbawa suna samun bayi daga ƙasarmu suna sayar wa Nasara a bakin teku, ya ce ya faɗi haka ne don kada wani ya sayar musu da Musulmi. Da ba a yi ba, da bai yi gargaɗin ba. In ɗan Shehu ya iya ɗora alƙalami kan wannan aibi ya bar wa na baya, ban ga dalilin da mu za mu rufe baki ba. A ƙasarmu ta arewa ma sai 1936 doka ta gama soke bauta baki ɗaya, ma'ana iyayen wasu daga cikinku sun ga ƙarshenta da idonsu.

To amma labarin bai tsaya a kunya ba, kuma wannan ne rabin da yaranmu ba sa ji. Waɗanda aka tsallaka da su Barazil ba su sunkuyar da kai ba. A birnin Salvador na jihar Bahiya, a 1807, hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla. A 1809 suka sake yunƙurawa. A 1814 suka tashi a wani ƙauyen masunta kusa da birnin, wanda ya ja gaba kuwa malami ne. Babban tashin nan na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, yawancin masu yin sa Yarbawa Musulmi ne, amma hanyar da Hausawa suka share suka bi. Sun fito cikin fararen riguna da layu a wuya, kuma takardun da aka cire daga jikin waɗanda aka kashe, masu ayoyi da addu'o'i da rubutun irin namu, suna nan ajiye a ma'adanar takardu ta Bahiya har yau. Bayan wannan tashin ne da yawa suka dawo wannan gaɓa suka zauna a Legas, da nan, da Wida, da Akra. A 1863, shekarar da Badagiri ta shiga hannun Ingila, wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara Hausawan da suka kuɓuta daga bauta a Legas ya kafa rundunar da sojan Najeriya ke lissafa asalinsa daga gare ta. Wannan ma ba tsantsar abin alfahari ba ne, don da irin waɗannan sojoji aka ci Asante ta ƙasar Gana ta yanzu a 1874, da magadansu kuma aka shiga Kano da Sakkwato a 1903. Haka tarihi yake, da daɗi da ba daɗi a ƙwarya guda, kuma duk namu ne.

Bari in nuna muku abin da shirunmu ke haifarwa. Hanin da kuka yi ya tsaya ne a Islamiyya, bai kai makarantar boko ba, can kuwa ana kai yaran ko muna so ko ba ma so. Wani ɗalibina ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ya je da 'yan ajinsu ɗaya daga cikin gidajen tarihin. Aka ɗora musu sarƙar wuya mai nauyin nan ɗaya bayan ɗaya, aka nuna musu ƙarfen da ake datse leɓe da shi. Mai bayani ya ce daga arewa ake koro su, 'yan arewa ke kawowa. Yaron ya ce duk ajin suka juyo suka zuba masa ido, shi kaɗai ne Bahaushe a cikinsu. Da yamma ya zo Islamiyya bai buɗe allo ba, sai da aka tashi ya matso ya ce, "Malam, wai mu ne muka sayar da su?" Mai bayanin bai yi ƙarya ba, rabin magana ya sani, rabin ya faɗa. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wuyan da aka sa wa wannan sarƙa yana iya zama na Bagobiri ko Bakatsine ko Bazazzage. Mutanen da ya kamata su gaya masa su ne suka ƙi amsa takarda. Yanzu yaron nan da ire-irensa suna jin tarihin garin haihuwarsu daga bakin kowa ban da bakin iyayensu.

Abu na gaba ya fi gaggawa, don shi ba ya jiran a gama shawara. Tsofaffinmu suna tafiya, takardunmu suna ruɓewa. Iskar bakin teku ba irin ta Kano ba ce inda littafi zai shekara ɗari cikin gafaka bai yi komai ba. Nan gishiri ne da laima, ga gara. Da wani malami maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama, ina cikin waɗanda aka kira buɗe akwatinsa na ƙarfe. Gindin akwatin ya riga ya huje da tsatsa. Takardun ƙasa sun manne da juna sun zama curi guda, in ka ɗaga sai su ɓantare a hannunka, tawadar ta bazu ta yi ja. Na saman ne suka rage. A ciki na ga wasiƙun ajami daga wani fatake a Kano yana lissafin bashin goro, ƙwarya kaza ta wane, huhu kaza ya lalace a hanya, a gai da maigida da iyali. Na ga bangon littafi inda mahaifin malamin ya riƙa rubuta haihuwar 'ya'yansa da watan Musulunci, da shekarar da aka yi wata gobara a unguwa. Magada suka ce akwai sunan Allah a ciki, kada a bari a wulaƙanta, suka haƙa rami suka binne duka. Niyyarsu mai kyau ce, ban zarge su ba. Amma da an ɗauki hotonsu da waya kafin a binne, ko rabin sa'a ba za a ɓata ba, kuma da jikokinsa suna da abin nunawa. Akwatuna irin wannan nawa ne ke ƙarƙashin gadaje a unguwanninmu yanzu haka? 'Yan ƙungiyar nan sun iya wannan aikin, suna yi wa gidajen Egun da na Yarbawa kyauta, ba sa tafiya da takarda ko ɗaya. Abin da ba su iya ba shi ne karanta ajami, mu kuma muna da masu karantawa a kowane lungu.

Haka nan iyayenmu mata. In ana zancen tarihin zango sai a tara maza a zaure, alhali wadda ta san wane ya auri wace, wane gida ne ya fara sauke fatake, wace shekara aka tashi kasuwa aka koma da ita, tana cikin gida tana jan carbi. Tsohuwa guda da ta shekara sittin tana tuwon sayarwa a bakin tasha ta san garin nan fiye da mu malaman gaba ɗaya. Kun ce ba za a bar maza baƙi su shiga gidajen mutane ba, kuma kun yi daidai. Muna da malamai mata a cikinmu da za su shiga da sallama, su zauna a tabarma, su naɗa.

Batun tsafi ba zan tsawaita ba. Gaskiya ne akwai wurin bautar gargajiya a tsohuwar kasuwar bayi ta Vlekete, kuma Zangbeto, dodon gargajiya na Egun, na fita a garin nan. Ta gabansu muke wucewa kullum zuwa kasuwar Agbalata, imaninmu bai ragu ba. Babu wanda ya ce yaro ya rusuna ko ya shiga inda bai kamata ba, kuma malaminsa na tare da shi. Allah gafarta malamai, ku kuka karantar da mu ayoyin da ke umartar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Gidan Seriki Williams Abass ma gidan Musulmi ne. An kama shi yana yaro aka bautar da shi, ya samu kansa, ya dawo ya zama babban dillalin bayi mai ɗakuna 40 na tsare mutane, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Masu bayani kan nuna wata laima su ce da mutum 40 aka musanya ta. Ni a ganina babu wa'azin da zai shiga zuciyar yaro kan haramcin cin haƙƙin ɗan Adam kamar ya tsaya cikin ɗaya daga waɗannan ɗakuna, ya ga ƙanƙantar tagar, ya ji zafin ciki, a ce masa mai salla ne ya gina.

Akwai kuma abinci a cikin lamarin, ku 'yan kasuwa kun fi ni sani. Mutanenmu na arewa suna ratsa garin nan kullum zuwa Seme da Kwatano, ga iyalan ma'aikata, ga masu bautar ƙasa. Da yawa sukan so su tsallaka a kwalekwale zuwa Gberefu, su bi yashin nan ta gefen rijiyar da aka ce ana shayar da bayi don su manta gida, har su isa bakin tekun da ba a dawowa. Ban taɓa cin karo da mai yi musu bayani da Hausa ba. A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta taso daga Illela a jihar Sakkwato ta dire nan Badagiri, kilomita 1,068. Yaushe za a gama, Allah masani, mun saba ganin hanya ta tsufa kafin a buɗe ta. Amma in ta tabbata, Basakkwace zai yi sallar asuba a gida ya kama hanyar garin nan kai tsaye. Ƙungiyar tana koya wa samari aikin jagora. Yaranmu da ke kan babur daga safe har dare suna jin Hausa, da Yarbanci, da Egun, da Turancin kasuwa, wasu har da Faransanci saboda iyaka. Da wuya a samu wanda ya fi su dacewa da aikin, mu kuma muka tare musu ƙofa.

A cikin tsoronku akwai guda da muka yarda da shi ɗari bisa ɗari, shi ne maganar asali. Har gobe a cikinmu ana binciken aure a ce gidan wane bayi ne, a fasa. Wannan mummunar ɗabi'a ce da addini bai yarda da ita ba, amma tana nan, kuma hirar da aka naɗa ba tare da lura ba tana iya kashe auren yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Mun yi wannan magana da 'yan ƙungiyar, suka ce su ma suna da irin damuwar a nasu gidajen, don a garin nan jikokin masu sayarwa da jikokin waɗanda aka sayar maƙwabta ne. Maganinta a tsara sharaɗi tun farko, kuma ku ne za ku tsara shi.

Saboda haka muna durƙusawa muna roƙon ku sake zama kan wannan magana. Kafin komai, a mayar wa mutanen nan amsar takardarsu, ko da ta godiya ce, don shirun ya yi kama da raini, mu kuwa za mu ci gaba da haɗuwa da su a kasuwa da wurin jana'iza. Muna roƙon ku zaɓi mutum biyu da kanku, dattijo guda mai karatun ajami da mace guda daga cikin malamanmu, su wakilce mu, kuma duk abin da za a rubuta ko a kafe a bango game da Hausawa sai ya bi ta hannunsu.

Muna roƙon izinin fara naɗar hirar tsofaffi, a fara da waɗanda suka fi rauni, bisa sharaɗin cewa ba a naɗar kowa sai da yardarsa da ta iyalinsa, ba a ambaton asalin wani gida sai gidan ne suka faɗa da bakinsu suka kuma yarda a fitar, kuma kwafin farko yana zama a hannunku. A sanar a masallatai bayan sallar Juma'a cewa duk mai tsohon akwatin takardu ko hotuna ya bari a ɗauki hotonsu a gabansa, a cikin gidansa, kafin a binne ko a ƙone. Malamai su duba, abin da yake na asiri ne ko na sirrin iyali a ware shi gefe.

Muna roƙon a janye hanin da aka yi wa Islamiyyu. A bar manyan ɗalibai su je tare da malamansu, a tsara musu inda za a tsaya da inda za a wuce, a kuma yi musu darasi kafin tafiya, su san labarin Abubakar Bagobiri, da idin 1830, da gargaɗin Muhammadu Bello, da mutanen Bahiya. Daga 'yan kasuwa kuma ba mu nemi da yawa ba: kuɗin kwalekwale na yara, da na buga 'yar takardar bayani da Hausa, boko da ajami, wadda za a riƙa miƙa wa baƙi, da ɗan abin da zai riƙe samari uku ko huɗu har su gama koyon aikin jagora. In kowace rumfa ta ba da abin da ba zai dame ta ba, ya wadatar. Kuma in an fita sharar hanyar Gberefu, a bar mu mu fita da tsintsiya da adda tare da sauran jama'ar gari, a gan mu a wurin.

Baje kolin da suke shiryawa sun ɗora shi ne kan 23 ga Agusta, ranar da duniya ke tunawa da cinikin bayi da soke shi. Ɗaukar hoton takardu da fassara ajami na cin lokaci, don haka muna roƙon ku sa mana rana tun da wuri, bayan la'asar ko duk lokacin da ya yi muku daidai. Za mu zo da shafukan da na ambata don malamai su duba da kansu, da takardar sharaɗin da muka fara zayyanawa don ku gyara, ku ƙara, ku rage. Tsohon malamin firamaren nan ma ya ce in kun yarda zai rako mu ya gaishe ku, ya amsa duk tambayar da kuke da ita.

Allah ya ƙara muku girma, ya ba mu albarkacinku. Wassalam.

Ɗanku,
malamin Islamiyya a Badagiri,
a madadin 'yan'uwansa maza da mata.